Igiyar da Bagudu Ya Yanke

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta, mu ba ta wurin zama.

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa domin masu tafiya, ya shimfiɗa teku domin masu haƙuri. Sunana Tasalla, 'yar masunta, matar matuƙi. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a Tekun Zagaye, can bayan inda fatake ke juyowa da jakunansu saboda ƙasa ta ƙare.

Ku da kuka saba da kogi, ku sani tekun nan ba shi da tsallake. Mutum zai yi ta tafiya, wata ya tsaya, wata ya ɓace, bai ga komai ba sai ruwa da sama. Ruwan kuwa gishiri ne, wanda ya sha shi ƙishirwarsa ninkuwa take yi. Iskarsa hanya ɗaya take bi, tana kewayawa kamar muciya a tukunyar tuwo, saboda haka jirgi ba ya komawa baya. In ka wuce wuri, sai dai ka zagayo. A duk faɗinsa tsibirai huɗu ne kaɗai ke da ruwan sha: Kurciya, da Lalube, da Jan Dutse, da Ƙofar Yamma. Kowannensu dutse ne tsaye kamar ganuwa, babu rairayin da za a jingina jirgi, zurfin gindinsa kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarshensa. In ka iso, sai ka jefa igiya sama, wani daga mutanen gari ya cafe ya ɗaure. In ba a cafe ba, ruwa ya wuce da kai kana kallon mata suna ɗiba a rijiya.

Shi ya sa a wurinmu igiya ta fi takobi daraja.

Ni da maigidana muna da ɗan jirginmu mai suna Tsattsewa. Tsawonsa bai wuce tabarma uku a jere ba. Yana da itace ɗaya a tsakiya, da zane mai kauri wanda muke ɗagawa iska ta cika shi ta tura mu, da sandar tuƙi a baya. Mukan ɗauki busasshen kifi daga wannan tsibiri mu kai wancan, mu sauya da man kwakwa. Shi yana tuƙi ina ɗinki, in ya gaji in karɓe shi. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

A zagayen ƙarshe kafin damina ta rufe teku, guguwa ta karya mana itacen tsakiya. Muna ta shawagi sai ga Toron Giwa, babban jirgin Bagudu na Ƙofar Yamma, mai zane uku da matuƙa cike kamar kasuwa. Dokar teku ita ce duk wanda ya tarar da karyayyen jirgi ya ja shi har inda ake shan ruwa. Bagudu ya jefo mana igiyarsa, mai jan zare a tsakiyar tufka, maigidana ya ɗaure ta a goshin Tsattsewa, muka yi godiya.

To, a shekarar nan Sarkin Teku ya rasu, an kuma yanke cewa duk jirgin da ya fara isa Ƙofar Yamma, mai shi za a naɗa. Da rana tsaka, teku kwance, sai aka hango zanen wani jirgi can nesa a gefen sama yana neman wucewa. Jim kaɗan Bagudu ya zo bayan jirginsa da wuƙa a hannu.

Maigidana ya ce, "Bagudu, me za ka yi da wuƙa?"

Ya ce, "Kun yi mini nauyi, ɗan'uwa."

"To ka ɗauke mu cikin naka, ka bar Tsattsewa. Ko matata kaɗai ka ɗauka, ni na zauna."

"In na tsaya ɗaukarku iska ta kuɓuce mini. Akwai jirage a baya, za su same ku."

"Kai ma ka san mu ne na ƙarshe."

Bagudu ya sunkuyo. Ya sa wuƙa a kan igiyar, yana gogawa a hankali yana kallona ido cikin ido, kamar mai yanka rake. Igiyar ta faɗo ruwa, Toron Giwa ya yi gaba.

Gora ɗaya ta ruwa ta rage mana. Muka shirya kowa ya riƙa yin kurɓi ɗaya safe da yamma. Nakan ga maigidana ya kai gora baki, maƙogwaronsa yana motsi, ashe ba ya haɗiye komai. Ban gane ba sai ran da ya kasa tashi. Na ɗaga gorar na ji nauyinta ya wuce na gorar da mutum biyu ke sha. Na tsiyaya masa a baki, ya kau da kai. Bai kai faɗuwar rana ba. Na lulluɓe shi da mayafina, na yi masa abin da na iya na addu'a, na sa shi a ruwa da hannuna. Daga nan na kwance guntun igiyar daga goshin jirgi na ɗaura a ƙuguna, ƙarƙashin zane.

Ruwa ya yi ta jana har gindin Kurciya. Ban iya ko jefa igiya ba, samari ne suka sauko da tsani suka kamo jirgin. Da suka zo ɗaukata na riƙe gefen Tsattsewa na ce ba inda za ni sai na ga Sarkin Igiya, mai riƙe da dokar teku a garin. Aka sauko da shi cikin kwando, wani dattijo mai suna Baba Cindo. Na nuna masa guntun, na ce na kawo ƙarar yanka.

Ya daɗe yana juya shi a hannu, sa'an nan ya ce, "'Yata, kin san nauyin abin da kike nema? Tun ina yaro rabon da a kawo irin wannan ƙara."

"Faɗa mini, Baba."

"Za ki kai guntun nan tsibirai huɗu da kanki. A kowanne sai kin riga mai yankan isa, ki ɗaga igiyar, ki faɗi sunan wanda ya yanka da sunan wanda ya mutu. In kin yi haka, ba hannun da zai cafe igiyarsa. Amma in ya riga ki a wuri ɗaya tak, aka cafe aka ɗaure, ƙararki ta mutu har abada. Ke kuma ƙafarki ba za ta taka ƙasa ba sai magana ta ƙare."

"Na ɗauka."

"Saura ɗaya. Sunan mamacin da bakinki za ki faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji."

Wannan ya fi mini komai nauyi. Tun ran da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunan maigidana ba, ko a gabansa ko a bayansa. Haka aka raine ni. Jama'a sun cika bakin dutse suna leƙowa. Na miƙe, na ɗaga igiyar na ce, "Bagudu ne ya yanka. Arzika ne ya mutu." Sunan ya fito mini kamar an ciro ƙaya daga maƙogwaro.

A cikin jirgi na yi takaba, a wani kogo na gindin dutse inda raƙuman ruwa ba sa shiga. Mata suna sauko mini da abinci, masassaƙa suka kafa mini sabon itace. Duk daminar nan abu ɗaya na koya, yadda mutum ɗaya zai yi aikin mutum biyu: in ɗaure sandar tuƙi da ƙafa, hannuwa suna jan zane.

Da teku ya buɗe, wata safiya aka buga ganga a saman dutse, alamar an hango babban jirgi. Na fito da Tsattsewa na tsaya daga gefe, don ina son idona ya gani. Ga Toron Giwa tafe da tutoci, Bagudu a gaba da sabon rawani, an naɗa shi Sarkin Teku. Ya jefa igiya. Mutanen Kurciya, babba da yaro, kowa ya mai da hannu baya. Igiyar ta bugi dutse ta zame ta faɗa ruwa. Ya sake jefawa, ta sake zamewa. Da ruwa ya fara wucewa da shi sai ya waiwayo ya gan ni. Na ɗaga masa guntun sama don ya gane ni sosai, sa'an nan na saki zane.

Zane uku ya fi zane ɗaya gudu, wannan ba sai an faɗa ba. In na bi hanyar da kowa ke bi, zai riga ni zuwa Lalube. Saboda haka na nufi Gonar Ruwa, wurin da matuƙa ke kauce wa. Wata ciyawa ce ke shimfiɗe a kan teku iyakar ganin ido, kore shar, da furanni farare kamar auduga. In jirgi ya shiga, sai ta riƙa hawa jikinsa a hankali kamar kabewa a kan danga, har ta rufe shi. Na ga gawarwakin jirage a ciki, tsuntsaye sun yi sheƙa a kan itatuwansu.

Ina da tulun man kwakwa da matan Kurciya suka ba ni guzuri. Kafin in shiga na shafe jikin Tsattsewa da shi tun daga goshi har wutsiya. Ciyawar ta miƙo ta kama, ta zame, ta sake kamawa, ta zame. Inda ta yi kauri na tsiyaya man a gaba, na ratsa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne furannin suna magana. Da iska ta kaɗa su sai na ji muryar maigidana, yadda yake yi in ya ga na gaji da ɗinki. "Tasalla, ki huta mana. Sauke zanen ki kwanta, zan karɓe ki." Hannuna ya kai kan igiyar zane kafin in farga. Na cije leɓe har na ji jini, na ce, "Malam, in kai ne ka yi haƙuri, ina da aiki. In ba kai ba ne, ka nemi wata." Na yage gefen ɗankwalina na toshe kunnuwa, ban cire ba sai da ruwa ya koma shuɗi.

Mutanen Lalube duk makafi ne. Dutsensu fari ne fat, hasken rana a kansa yana cinye ido tun ana jariri, su kuwa ba su ɗauki abin a bakin komai ba. Da kunne suke cafe igiya, ba a taɓa jin sun kuskure ba, kuma su ne gwanayen tufka a duk tekun. Na ɗaga guntun na faɗi sunaye biyu. Suka ce ɗagawa ba ta yi musu amfani, a miƙo. Aka yi ta ba da shi daga hannu zuwa hannu har ya kai ga Sarkin Igiyarsu, wani siririn tsoho da ake kira Tanimu.

Ya shafa bakin yankan da babban yatsa ya ce, "Wuƙa ce, ba gogar dutse ba. Wuƙar tana da giɓi a tsakiya. Mai yankan kuma ba gaggawa yake yi ba, don ba zaren da ya tsinke da ja." Ya juyo da fuska wajena. "Ke kuwa, muryarki ta yarinya, numfashinki na tsohon kada. Yaushe rabonki da barci?"

"Baba, sai na gama."

"Haka duk kadoji ke faɗi. Me za mu ba ki?"

Na ce ruwa, da kuma guntun igiya irin wannan sak, da jan zarenta, da yankan wuƙa mai giɓi. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ashe kadan yana da wayo. Kafin a gama cika mini goruna sun tufka ta. Na rataye sabuwar a jikin itacen tsakiya inda kowa zai gani, ta gaskiyar ta koma ƙuguna.

Ban ga yadda aka yi da Bagudu a Lalube ba, amma na san ba a cafe masa ba, don tsakanin Lalube da Jan Dutse ya cim mini. Iska ta ɗauke ɗif, teku ya zama kamar faranti. Ni ba ni da mai tuƙa filafili, shi kuwa yana da ƙarti. Suka sauke kwalekwale biyu suka kewaye ni, Bagudu a cikin na gaba. Leɓunan mutanensa duk sun tsage, don ruwan saman da suka tara a damina ya kusa ƙarewa.

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, matar marigayi."

"Yauwa, ranka ya daɗe. Rawanin ya yi maka kyau. Ba ya sa ƙishirwa?"

Wani daga cikin ƙartin ya sunkuyar da kai don kada a ga bakinsa.

Bagudu ya ce, "Ki saurare ni. Abin da ya faru ya faru, kuka ba zai dawo da shi ba. Zan ba ki gida a Ƙofar Yamma, da jirgi mai zane biyu, da masu tuƙa miki. Ki ce igiyar tsinkewa ta yi."

"Makafi ma sun ga ba tsinkewa ta yi ba."

"To me kike so?"

"Ina son ka ji abin da ya ji. Ba ƙari, ba ragi."

Ya kai hannu ga wuƙarsa. Babban matuƙinsa, wani mai furfura, ya riƙe masa hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka kashe mai ƙara, dukanmu mun zama masu yanka. Mu muna da 'ya'ya." Bagudu ya fizge hannunsa, ya tsallako cikin Tsattsewa. Ya cizge igiyar da ke rataye, ya duba jan zaren, ya ɗaura mata dutse ya jefa a teku. Ya sa aka kwashe gorunan ruwana kaf. Sa'an nan ya tsaga zanena daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Ban kashe ki ba, kowa shaida ne. Sai ki kai musu bakinki, mu ga ko baki igiya ne."

Na zauna na rufe fuska ina kuka har suka yi nisa, kukan kuwa ba duka ne na ƙarya ba. Da suka ɓace na ciro allurar ƙashin kifi, na warware zaren tabarma, na haɗe zanen, inda bai kai ba na cika da zanen ɗaurawata na biyu. Ruwan sha kuwa, kullum da asuba nakan shafe raɓar da ta kwanta a jikin zane da ɗankwali in matse a baki, in kama ɗanyen kifi in tsotse. Bai isa ba, amma ya hana ni mutuwa.

Da iska ta dawo, ya riga ya yi mini nisa ƙwarai. Hanya ɗaya ta rage, ta Haƙoran Kada. Duwatsu ne masu tsini a jere ƙarƙashin ruwa, raƙumin ruwa ya zo ya rufe su, ya koma ya buɗe su, babban jirgi ba ya ko kusantar wurin. Na iso bakinsu na sauke rabin zane ina kallo, ban ga ƙofa ba. Sai ga wata ayu, babbar dabbar ruwa, da ɗanta sun ɓullo kusa da ni suna huci. Na ce a raina, uwa ba za ta bi da ɗanta inda zai fashe ba. Na sa goshin Tsattsewa a bayanta. In ta karkata dama in karkata, in ta tsaya jiran raƙumin ruwa in tsaya. Wani dutse ya kankare mini gefe har ruwa ya fara shiga, ina tuƙi da ƙafa ina kwarfewa da ƙwarya. Haka muka fita, ni da ita da ɗanta.

Na zagayo ƙusurwar Jan Dutse da hantsi, sai ga Toron Giwa a gindin gari. Bagudu yana tsaye yana wulwula igiya a sama, wani saurayi a bakin dutse ya miƙo hannu biyu. Maƙogwarona a bushe yake, na buɗe baki ba abin da ya fito. Na ciji harshena, na haɗiye jinin, na fizgo guntun daga ƙuguna na ɗaga.

"Bagudu ne ya yanka! Arzika ne ya mutu!"

Igiyar tana cikin iska lokacin da saurayin ya ji. Ya ja da baya kamar an jefo masa maciji. Ta faɗi a gaban ƙafarsa, ta ja jiki, ta koma ruwa. Har yau in ina son in ji sanyi a raina, fuskar Bagudu a wannan lokacin nake tunawa.

Daga nan ban ƙara yin tsere ba. Mutanen Jan Dutse suka duba guntun, suka ba ni ruwa da sabon zane. Mutanen Bagudu kuwa ƙishirwa ta karya su, ba su iya ɗaga zane uku, da ɗaya suke tafiya. Na wuce su da rana tsaka, ta kusa da su.

Amma Ƙofar Yamma garinsa ne, kuma a can al'adarsu dabam take. Ɗan gari in ya dawo, ba kowa ke cafe masa ba, sai mahaifiyarsa. Na faɗi sunaye biyu, kowa ya juya yana kallon wata 'yar tsohuwa mai farin mayafi. Inna Yalwa ke nan, uwar Bagudu. Ta sa aka sauko da ita cikin kwando har cikin Tsattsewa, da ƙwaryar fura a hannunta.

Ta ce, "Sha tukuna. Ba a magana da baƙo da yunwa."

Na sha. Ta zauna a inda maigidana yake zama, ta karɓi guntun ta ɗora a cinya.

"Guguwa ake yi a lokacin?"

"A'a, Inna. Teku kwance, rana tsaka."

"Ko jirginsa ne yake neman nutsewa?"

"Lafiyarsa lau."

"Bai ce a ɗauke ku ba? Ko ke kaɗai?"

"An roƙe shi haka. Ya ce iska za ta kuɓuce masa."

Ta juya ta kalli ruwa. Can ta ce, "Yaron nan ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goye shi. Abu ɗaya nake yi masa a fili duk shekara, in cafe igiyarsa. Shi kike so in bari."

"Ni ma ban taɓa kiran sunan nawa ba, Inna, sai da ɗanki ya sa."

"In na cafe fa?"

"Ƙarata ta mutu. Ya hau ya sha ruwa, ya ci sarautarsa. Ni kuma in ci gaba da zagaye har in tsufa, ina faɗa a kowane dutse cewa a Ƙofar Yamma ana cafe wa masu yanka. Kuna da 'ya'ya a teku, Inna, itacen kowa yana karyewa. Sai ku ga wanda zai ja su."

Ta miƙo mini guntun ta ce, "Ba ki da tausayi, 'yar nan."

"Da ina da shi. Na sa shi a ruwa tare da mayafina."

Ta ja igiyar kwando aka ɗaga ta.

Da Toron Giwa ya iso, ba tuta ba ganga. Matuƙa suna kwance a kan katako kamar kifin shanya. Matansu suka cika bakin dutse suna kuka ƙasa-ƙasa, kowa idonsa a kan tsohuwar. Ta fito ta tsaya a wurin da take tsayawa kowace shekara. Bagudu ya tattara ƙarfinsa ya jefa, ya kuwa jefa daidai, igiyar ta sauka a kan kafaɗarta.

Ya ce, "Inna, ni ne."

Na ga hannunta na dama ya ɗago. Ta kama shi da na hagu, ta mai da su baya ta riƙe. Igiyar ta zame daga kafaɗarta a hankali, ta ja mata mayafi, ta faɗa ruwa da shi.

"Inna, ƙishirwa nake ji."

Ta ce, "Na ji ka." Ba ta motsa ba.

Sarkin Igiya ya sa aka sauke tsani domin matuƙa, tun da ba su ne suka yanka ba. Suka faɗo ruwa ɗaya bayan ɗaya, masu ƙarfi suna jan raunana, aka hau da su. Bagudu ya biyo bayansu da iyo, rawaninsa ya warware a ruwa. Yana kai hannu aka janye tsanin. Ya yi ta laluben dutse, babu wurin kamawa. Da ya ga jirginsa zai tafi ya bar shi, ya koma ya hau.

Tsohuwar ta leƙo ta ce mini, "Magana ta ƙare, kina iya taka ƙasa. Amma ba a garin nan ba. A cika mata gorunanta ta tafi kafin rana ta faɗi. In na sake ganin fuskarki, ban san abin da hannun nan zai yi ba."

Aka cika mini. Na ɗaga zane, ban nufi Kurciya ba. Na bi Toron Giwa.

Jirgi mai zane uku ba ya tuƙuwa ga mutum ɗaya. Ruwa ya ja shi zuwa tsakiyar teku, inda ba tsibiri ba hadari, ni kuma ina biye da shi, nisan jifa. In ya tsaya in sauke zane, in ya motsa in ɗaga. Safe da yamma nakan ɗauko gora in yi kurɓi ɗaya a inda Bagudu zai gan ni.

Da fari zagina yake yi, ni da iyayena. Daga baya ya koma yi mini alkawura. Daga nan ya koma roƙo, yana kirana 'yar'uwa, yana kirana uwa. Wata rana da azahar na ji yana kiran sunan maigidana yana neman gafara. Na matso na ce, "Ba ya nan. Ƙasa da kai yake, ka leƙa ka gaya masa."

Rana ta ƙarshe da na gan shi da rai, ya rarrafo bayan jirgi, daidai wurin da ya tsaya da wuƙa, ya jefo mini igiya. Ta sauka a goshin Tsattsewa, kusa da ƙafata. Na zauna ina kallonta. Tsattsewa ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga, igiyar tana ja da baya kaɗan-kaɗan har ta tafi.

Bayan wannan ban ƙara jin kira ba. Na jira har tsuntsayen teku suka fara sauka a kan katakon ba mai korarsu. Sa'an nan na kwance guntun daga ƙuguna. Ya ci fatata ya bar mini baƙin zobe, yana nan har yanzu. Na sake shi a ruwa, na kama sandar tuƙi, na dubi gabas na dubi yamma. A duk faɗin tekun nan babu inda nake gaggawar zuwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi. Ta bi iska ta tafi, mu kuwa ga mu zaune.